Makro Mai Tambaya: Yadda Ake Gina Jerin Zaɓi Mai Tafiya da Halin da Ake Ciki

Duk wanda ya daɗe yana aikin ofis da kwamfuta ya san ba aiki mai wuya ne ke cinye yini ba, maimaici ne. A buɗe folda, a nemo takardar jiya, a kwafe ta, a canza mata suna, a sa kwanan wata, a tura ta wurin bugawa. Gobe ma haka, jibi ma haka. Saboda wannan ne aka ƙirƙiro makro, wato ɗan gajeren umarni da mutum ke rubutawa, ko ya sa kwamfuta ta naɗi motsin hannunsa, ta yadda latsa maɓalli ɗaya zai tsaya a madadin latsa ashirin. Makro ba ya gajiya kuma ba ya tsallake mataki. Rauninsa shi ne bai san komai ba sai abin da aka faɗa masa ranar da aka rubuta shi. Da zarar aikin yau ya saɓa da na jiya, ko da a wuri ɗaya ne, dole ya dakata ya tambayi mai shi: wanne kake nufi?

Hanyar da yake yin wannan tambaya ita ce jerin zaɓi. Wata 'yar taga ta buɗe, ta nuna sunaye biyar ko hamsin, mutum ya latsa ɗaya, aiki ya ci gaba. Iri biyu ne. Akwai kafaffe, wanda mai rubuta makro ya zauna ya rubuta sunayen ɗaya bayan ɗaya a cikin umarnin. Akwai kuma mai sauyawa, wanda ba a gina shi sai a lokacin da aka kira shi, kuma daga abin da ke nan a wannan lokacin: fayilolin da ke cikin folda, sunayen da ke cikin jadawali, tagogin da ke buɗe, na'urorin bugawa da ke haɗe. Bambancinsu kamar na allon da aka rubuta da fenti a ƙofar gidan abinci ne da yarinyar da ke leƙa tukwane ta dawo ta gaya maka abin da ya rage. Allon zai ci gaba da tallar farfesun kayan ciki ko da an shekara ba a dafa shi ba.

A zahiri abin ba sabo ba ne. Manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3, wadda Mitch Kapor da Jonathan Sachs suka fitar a Amurka a watan Janairun 1983 domin kwamfutar IBM, ta shahara ne da makro, kuma tun wancan zamani tana barin mutum ya ƙera jerin zaɓinsa. Yadda ake yi yana da ban sha'awa. A cikin gidajen jadawalin kansa ake rubuta jerin: layi na farko sunayen zaɓi, na biyu ɗan bayanin kowanne, daga na uku zuwa ƙasa umarnin da za a aiwatar. Zaɓi takwas ne iyaka. To da yake sunayen suna zaune ne a gidajen da lissafi ke iya canzawa, akantocin wancan lokaci sun gane za su iya sa jerin ya sauya da kansa bisa abin da ke cikin littafin. Darasi mafi girma na wannan fanni yana nan tun farko: kada sunayen su zauna a cikin umarni, su zauna a wani wuri da za a iya gyarawa ba tare da an taɓa umarnin ba.

A yau masu Windows sun fi yin irin wannan aiki da AutoHotkey, manhajar kyauta da Chris Mallett ya fara a 2003, wadda ta samo asali daga AutoIt ta Jonathan Bennett ta 1999. Siga ta biyu ta fito a ƙarshen 2022, kuma nahawunta ya bambanta da na farko har makro da aka rubuta wa ɗaya ba ya aiki a ɗayar, abin da ke rikita masu koyo idan suka tsinci tsohon misali. A ce sakatariyar makaranta tana da folda mai ɗauke da samfuran wasiƙu: ta ɗaukar ɗalibi, ta sallama, ta tunatar da kuɗin makaranta, ta gayyatar iyaye. Makro ɗin da take bukata matakinsa huɗu ne. Ya buɗe jeri wanda babu komai a ciki. Ya zagaya cikin foldar, duk fayil ɗin da ya tarar ya saka sunansa a jerin. Ya nuna jerin a inda linzamin kwamfuta yake. In an zaɓa, ya kwafi fayil ɗin, ya sa masa kwanan watan yau, ya buɗe. Rubutun gaba ɗaya bai kai shafi guda ba. Ranar da shugaban makaranta ya kawo sabuwar wasiƙa, jefa ta cikin foldar kawai za a yi, ita ma ta bayyana. Ba sai an nemo wanda ya rubuta makro ɗin ba, wanda sau da yawa ɗan bautar ƙasa ne da ya gama ya tafi.

A baki abu ne mai sauƙi. Matsalolin suna ɓoye ne a ƙananan wurare, kuma kusan duk mai koyo sai ya faɗa cikinsu.

Ta farko ita ce wadda jerin zai fito lafiya lau, sunaye goma reras, amma duk wanda aka latsa sai fayil na ƙarshe ya buɗe. Dalili kuwa shi ne a lokacin zagayen, an gaya wa kowane zaɓi ne cewa in an latsa shi ya duba wani ma'aji ya ɗauki sunan da ke ciki. Ma'ajin kuma guda ɗaya ne, kowane zagaye yana goge na baya ya rubuta sabo. Kafin mutum ya kai ga latsawa, zagayen ya daɗe da ƙarewa, abin da ya rage a ma'ajin shi ne na ƙarshe. Maganinta shi ne a ɗaure wa kowane zaɓi nasa bayanin tun a lokacin da ake saka shi, abin da umarnin Bind ke yi a AutoHotkey. Masu rubuta JavaScript da Python ma sun san wannan tarko sarai, domin ba laifin wata manhaja ɗaya ba ne, daga yadda harsunan ke riƙe ma'aji ne.

Ta biyu ta fi muni domin ba ta ihu. A AutoHotkey, in aka saka zaɓi da sunan da ya riga ya shiga jerin, ba sabon layi ake samu ba, tsohon ake sauyawa. Fayiloli biyu masu suna ɗaya daga folda biyu sai su koma layi ɗaya, guda ya ɓace ba tare da wani gargaɗi ba. Ga kuma alamar &, wadda Windows ke ɗauka a matsayin umarnin ja wa harafin da ke biye layi a ƙasa domin gajeriyar hanya. Sunan kamfani mai ɗauke da ita zai fito ba ita, sai an ninka ta biyu kafin a saka.

Duk waɗannan suna komawa ga abu guda da nake ganin shi ne ƙashin bayan aikin: abin da ido ke gani daban, abin da makro ke aiki da shi daban. Ido yana son gajeren suna mai daɗin karantawa. Makro yana bukatar cikakken adireshin fayil, ko lambar ɗalibi, ko lambar asusu, wani abu da ba ya da na biyu. Mai gaggawa yakan haɗe su, ya karɓi sunan da aka latsa ya tafi nema da shi. Hakan zai yi ta aiki har ranar da aka samu Aminu Musa biyu a aji ɗaya. Wanda ya iya aikin yakan ajiye tebur na ɓoye, kowane layi na jerin da lambarsa, sai ya yi aiki da lambar. PowerShell, wadda Microsoft ta fitar a 2006, ta kyauta a nan. Umarninta na Out-GridView yana nuna jadawali mai wurin tacewa, kuma in an zaɓi layi ba rubutun da aka gani kaɗai yake mayarwa ba, dukkan bayanin abin yake miƙawa mataki na gaba.

Mutanen Linux sun bi wata hanya mai tsafta ƙwarai. A 2006 ƙungiyar masu rubuta manhaja ta suckless ta fitar da wani ɗan ƙaramin shiri mai suna dmenu. Bai san fayil ba, bai san taga ba, bai san komai ba. Ana zuba masa layukan rubutu, ya nuna su, mutum ya fara buga haruffa jerin yana raguwa, in ya zaɓa sai shirin ya fitar da layin ya rufe. Shi ke nan aikinsa. Daga ina layukan suka fito, me za a yi da wanda aka zaɓa, wannan na wasu shirye-shiryen ne da ake jona masa gaba da baya, bisa tsarin bututu da Doug McIlroy ya kawo shawararsa aka saka a Unix a 1973 a ɗakunan binciken Bell. Daga baya rofi, da kuma fzf na Junegunn Choi, suka bi sawu. Ko wanda ba zai taɓa amfani da Linux ba yana da abin ɗauka a nan: a raba aikin uku, mai tattaro jeri, mai nunawa, mai aiwatarwa. In an raba su haka, ranar da sunayen suka tashi daga folda suka koma jadawali, kashi ɗaya kawai za a gyara.

A ɓangaren Apple, AppleScript da ta fito a 1993 tana da umarnin choose from list, Keyboard Maestro ta Peter Lewis na birnin Perth a Ostareliya tana da Prompt With List, manhajar Shortcuts kuwa, da ta iso kwamfutocin Mac a 2021, ta raba iri biyun da suna: Choose from Menu na kafaffe ne, kowane zaɓi da reshensa, Choose from List kuma yana karɓar duk jerin da aka miƙa masa. Power Automate Desktop ta Microsoft, wadda ta ginu kan manhajar kamfanin Softomotive da ta saya a 2020, ita ma tana da irin wannan taga. Abin lura ɗaya a nan shi ne abin da ke faruwa in mutum ya fasa. AppleScript ba ta tsayar da makro in an latsa maɓallin fasawa a wannan taga, amsar "a'a" (false) kawai take mayarwa ta wuce. In marubucin bai tanadi wannan ba, makro zai ci gaba ya nemi fayil mai suna false, ko ya faɗi da wani saƙon kuskure da ba mai ganewa. Haka kuma in foldar ta zo babu komai a ciki. Fasawa da jeri maras komai ba abubuwan mamaki ba ne, kullum suna faruwa, kuma su ne na farko da ya kamata a gwada, musamman in mataki na gaba gogewa ne ko aikawa.

Amma inda yawancinmu za mu ci karo da jerin zaɓi mai sauyawa shi ne Excel, kuma misalin da ya fi kusa da mu shi ne na jiha da ƙaramar hukuma. Nijeriya tana da jihohi 36 da Abuja, da ƙananan hukumomi 774. Ba wanda zai so a zubo masa 774 a jeri ɗaya. Abin da ake so shi ne in an zaɓi Kano a gida na farko, gida na biyu ya nuna 44 ɗin Kano kawai, in an zaɓi Katsina ya nuna 34. Tun Excel 97 akwai hanyar sa wa gida jerin zaɓi. Mai koyo yakan buga sunayen kai tsaye a cikin akwatin, yana raba su da waƙafi, sai ya tarar akwatin ba ya ɗaukar fiye da haruffa 255, waɗanda ba za su ishi ƙananan hukumomin Kano ba. Manhajar da kanta ta tilasta masa komawa ga darasin Lotus: a rubuta sunayen a wani shafi, a nuna wa jerin inda suke.

Tsohuwar dabara ita ce a ba kowane rukuni sunan jiharsa, sannan a yi amfani da INDIRECT domin gida na biyu ya karanta abin da ke na farko ya nemo rukunin. Tana aiki har sai an iso Akwa Ibom da Kuros Riba, domin Excel ba ya yarda sunan rukuni ya zama da tazara a tsakiya, sai an yi wata dabarar musanya tazarar da wata alama. Sababbin sigogi, daga Excel 2021 da Microsoft 365, sun kawo FILTER da UNIQUE da SORT, waɗanda ke tace dogon jadawali ɗaya mai layi 774 su zubo sakamakon da kansu. Wannan ya fi sauƙin kulawa nesa ba kusa ba, sai dai fayil ɗin ba zai yi aiki daidai ba a kwamfutar da ke ɗauke da Excel 2010 ko 2013, irin waɗanda har yanzu suka cika ofisoshi da shagunan buga takardu. Kafin a zaɓi dabara, a fara tambayar wace kwamfuta ce za ta buɗe fayil ɗin.

Sunayen ƙananan hukumomin kansu makaranta ce. Akwai Obi a Binuwai, akwai Obi a Nasarawa. Akwai Bassa a Kogi da Filato, Surulere a Legas da Oyo, Ifelodun da Irepodun a Kwara da Osun. Nasarawa ma ƙaramar hukuma ce a Kano, ƙaramar hukuma ce a jihar Nasarawa, ga kuma jihar kanta. Makro ɗin da ke nema da suna kaɗai zai kai mutumin Filato Kogi, kuma ba wanda zai lura sai an zo haɗa alƙaluma. Sannan ga irin su Koko/Besse a Kebbi, Itas/Gadau a Bauci da Yamaltu/Deba a Gombe. Windows ba ya yarda da wannan karkataccen layi a sunan fayil, don haka makro ɗin da ke buɗe wa kowace ƙaramar hukuma folda da sunanta zai tsaya cak a kansu, ko ya ƙirƙiro folda cikin folda. Jama'are kuma tana ɗauke da alamar da harsunan kwamfuta da yawa ke ɗauka a matsayin buɗe zance ko rufe shi. Wanda ya raba sunan da ake gani da lambar da ake aiki da ita bai san da waɗannan ba ma.

Akwai wani gibi da ke ba ni haushi a fom ɗin Excel da yawa. Mutum ya zaɓi Kano, ya zaɓi Bichi, sannan ya koma ya canza jihar zuwa Jigawa. Jerin gida na biyu ya sauya kam, amma Bichi tana nan zaune a gidan, Excel bai ce uffan ba, domin yana bincike ne lokacin shigarwa kawai. Haka in aka kwafo rubutu daga wani wuri aka manna, ya wuce ba bincike. A nan ne ake bukatar VBA, harshen makro da ya shigo da Excel 5.0 a 1993: 'yan layuka da ke sauraron canji a gidan jiha, su share gidan ƙaramar hukuma nan take. Sai dai sharewar ita ma canji ce, tana iya sake tayar da makro ɗin, don haka akan kashe sauraron kafin a share, a kunna bayan an gama. In aka manta kunnawa, duk sauran makro masu sauraro a littafin sai su yi shiru, mutum ya yi ta neman dalili.

Mu masu rubutu da Hausa muna da ƙarin namu. Kowane harafi yana da lamba a tsarin Unicode. Babban Z lambarsa 90, amma Ɓ tana 385, Ɗ tana 394, Ƙ tana 408. Kayan aikin da ke jera sunaye bisa lamba kawai za su jefa Ɗandume da Ɗanja da Ƙanƙara can ƙasan Zango, inda ba wanda zai neme su. Wurin tacewa ma haka: mutum ya buga "kankara" da k ta yau da kullum, saboda madannansa ba su da mai lanƙwasa, sai a ce masa babu. Masu Faransanci suna da sauƙi, domin Unicode ya ɗauki é a matsayin e da alama a kai, ana iya cire alamar da umarni ɗaya. Ƙ da ɗ da ɓ kuwa haruffa ne masu zaman kansu, ba sa rabuwa, sai marubucin makro ya rubuta nasa ɗan teburin musanya, ya ajiye wa kowane suna kwafi maras lanƙwasa domin nema da jerawa, ya bar na ainihi domin ido. In jerin ya haɗa da sunaye daga Nijar, a tuna a can ana rubuta ƴ inda a Nijeriya ake rubuta 'y. Wurin rubuta umarnin VBA shi ma ba ya riƙe waɗannan haruffa, yakan mayar da su alamar tambaya, alhali gidajen jadawalin suna riƙe su lafiya. Wani dalilin ke nan na barin sunaye a jadawali.

To in jerin ya yi tsawo fa? An daɗe ana yawo da maganar cewa kada zaɓi ya wuce bakwai, ana jingina ta ga maƙalar George Miller ta 1956. Miller yana magana ne a kan abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa na ɗan lokaci, shi kuwa jerin zaɓi a gaban ido yake, ba haddace shi ake yi ba. Binciken da ya fi dacewa shi ne na William Hick a Ingila a 1952 da Ray Hyman a Amurka a 1953, waɗanda suka nuna lokacin yanke shawara ba ya ninkuwa don an ninka yawan zaɓi. Daga huɗu zuwa takwas, daga takwas zuwa sha shida, ƙarin lokacin kusan ɗaya ne. Amma da sharaɗi: sai mutum ya riga ya san zaɓuɓɓukan da inda suke. In bai sani ba, karantawa zai yi daga sama har ƙasa, kuma kowane layi sai ya ci lokacinsa. A aikace, in jerin ya wuce abin da fuskar kwamfuta ke nunawa a kallo ɗaya, gara a ba mutum wurin buga haruffa biyu ko uku ya tace, da a tura shi cikin jeri a cikin jeri a cikin jeri.

Wannan sharaɗi ne Microsoft ta taka a Office 2000. Jerin umarnin Word da Excel sun yi yawa, sai kamfanin ya ce bari manhaja ta lura da abin da kowa ya fi amfani da shi, ta ɓoye sauran a ƙarƙashin 'yar kibiya. A takarda hikima ce, a hannu kuwa gyaran gangar Auzinawa. Abin da ke layi na huɗu jiya yau yana na biyu, ko ya ɓace. Hannun da ya saba zuwa wuri ba tare da ido ya duba ba ya koma lalube, kuma malami ba ya iya cewa ɗalibi ya latsa na uku daga sama domin kwamfutocinsu sun bambanta. A 2004 Leah Findlater da Joanna McGrenere na Jami'ar British Columbia a Kanada suka gwada iri uku: kafaffe, wanda manhaja ke sauyawa da kanta, da wanda mutum ke tsarawa da hannunsa. Kafaffen ya fi mai sauya kansa sauri, yawancin waɗanda aka gwada da su kuma suka fi son wanda suke tsarawa da kansu. A Office 2007 an watsar da tsarin gaba ɗaya.

Kada a fahimci wannan a matsayin suka ga jeri mai sauyawa. Sauyi biyu ne ake cakuɗawa. Ɗaya shi ne jerin ya bi gaskiyar abin da ke nan: an ƙara fayil ya bayyana, an cire ya ɓace. Wannan shi ake nema. Ɗayan shi ne na'ura ta riƙa hasashen abin da ke zuciyar mutum tana jujjuya masa tsari, kuma shi ne ya kamata a yi taka-tsantsan da shi. Ƙa'idar jerawa ta zama ɗaya kullum, ko ta haruffa ko ta kwanan wata, yadda mai amfani zai iya cewa ga inda abu zai kasance tun kafin taga ta buɗe. In ana son a taimaka da waɗanda aka fi amfani da su, akwai hanyar da Andrew Sears da Ben Shneiderman suka gabatar a 1994: a ware 'yan kaɗan a sama, a ja layi, sannan sauran su biyo a tsarinsu. Jerin salon haruffa na Word haka yake, na kwanan nan a sama, cikakken jerin a ƙasa.

Sai batun yaushe za a gina jerin. In za a gina shi duk lokacin da aka kira, kullum sabo ne, amma in foldar tana kan wata kwamfuta a ofis ko a intanet, kuma layin yana tafiyar hawainiya, mutum zai latsa maɓalli ya zauna jiran daƙiƙa goma, ya ɗauka bai latsu ba ya sake latsawa. In kuma an gina sau ɗaya da safe an ajiye, zai buɗe nan take amma yana iya nuna abin da aka goge da hantsi. Tsaka-tsakin da aka fi bi shi ne a ajiye kwafi, a sabunta shi lokaci lokaci, a sa layin sabuntawa a ƙasan jerin, sannan bayan an zaɓa a sake tabbatar da abin yana nan kafin a taɓa shi. Jerin tagogin da ke buɗe kam ba a ajiye shi, domin cikin minti ɗaya ya tsufa.

Jerin da ke ɗauko sunaye daga waje yana ɗauko duk abin da aka ajiye masa a can, mai kyau da maras kyau. In makro yana ɗaukar sunan da aka zaɓa ya manna shi kai tsaye cikin umarnin da zai aiwatar, to wanda ke iya sa wa fayil suna a foldar yana iya cusa nasa umarnin a cikin sunan. Shi ya sa ake killace sunaye da alamar zance, ko a miƙa su a matsayin bayani zalla. Makro yana aiki ne da dukkan ikon mai kwamfutar, kuma tarihinsa a wannan fuska ba mai daɗi ba ne. Ƙwayar cutar Concept ta 1995 makro ce ta Word. Melissa, da ta ɓulla a watan Maris na 1999, ita ma makro ce a cikin takardar Word, tana buɗe littafin adireshi na Outlook ta aika kanta ga mutum 50 na farko, har manyan kamfanoni suka rufe imel ɗinsu. Tun 2022 Office ke toshe makro na VBA a duk fayil ɗin da Windows ya yi wa alamar cewa daga intanet ya fito. Saboda haka fom ɗin jiha da ƙaramar hukuma da aka tura wa abokin aiki ta imel yana iya isa jerinsa na aiki, amma 'yan layukan da ke share gida na biyu sun mutu, sai abokin aikin ya buɗe bayanan fayil ɗin ya cire toshiyar, ko mai kula da kwamfutocin ofis ya ware amintacciyar folda da za a riƙa ajiye irinsa. Inda fom zai zagaya hannu da yawa, gara a gina jerin da FILTER ko INDIRECT kaɗai, a ƙara gida na uku mai lissafi da zai rubuta gargaɗi da ja in ƙaramar hukumar ba ta cikin jihar da aka zaɓa.